A fara jin bakin 'yan Katolika kafin a soke su

Ranka ya daɗe Edita,

Ni Musulmi ne, kuma shekara 12 ke nan katanga ɗaya ta raba ni da wani iyalin Katolika a Sabon Garin Zariya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ta yaɗa cewa suna bauta wa Maryamu da gumaka, har daga bakin Kiristocin wasu ɗariku. Na tambayi maƙwabcina. Ya ɗauko littafin koyarwarsu na 1992 ya nuna mini: bauta ta Allah ce shi kaɗai, Maryamu girmama ta suke yi, suna roƙon ta yi musu addu'a. Siffofin da ke coci kuwa, ya ce don tunatarwa ne.

Ban yarda da aƙidar Triniti (wato Allah ɗaya cikin uku: Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki) ba, na kuma faɗa masa ido da ido. Amma in zan musa, in musa abin da suka faɗa da bakinsu. Mu nawa muka san cewa a 1965 babban taron Vatikan na biyu ya bayyana cewa Cocin na ganin girman Musulmi?

Masu wa'azi, don Allah ku leƙa babban cocinsu na Christ the King ku tambayi fada, wato limamin cocin, kafin ku hau mumbari.

Naka,
Mai karatu daga Sabon Gari, Zariya