Wasiƙar Makaranta Ga Iyaye: Yaranmu Masu Son Buga Ƙwallo A Jami'a

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yara, barkanku da warhaka.

Wasiƙar wannan wata kusan duk a kan magana ɗaya take, saboda satin da ya wuce bayan an tashi daga atisaye wani yaronmu ɗan aji 11 da ke buga tsakiya ya tare ni a bakin fili, ko takalmin ƙwallo bai cire ba, ya ce malam ni fa so nake in buga wa jami'a ƙwallo idan na gama, ya zan yi? Na ji daɗin tambayar sosai amma da na duba takardunsa sai jikina ya ɗan yi sanyi, yaro ne mai ƙafa, ƙwallo na jin maganarsa, sai dai makinsa na lissafi tun aji 9 yake tangal-tangal kuma ba shi kaɗai ba ne, shi ya sa na ce bari in rubuto muku gaba ɗaya.

A nan Amurka mafi yawan wasannin jami'o'i hukumar NCAA ce ke kula da su, kuma ta kasa makarantu gida uku, Division I da II da III. Duk yaron da ke son Division I ko II sai ya yi rajista da NCAA Eligibility Center, wato ofishin da ke tantance ko yaro ya cancanci bugawa, su kuma ba bidiyon ƙwallonsa za su fara dubawa ba, darussa 16 da suka amince da su za su ƙirga, irin su Turanci da lissafi da kimiyya da ilimin zamantakewa, darasin motsa jiki ba ya ciki ko da A yake samu. Division I na neman GPA, wato matsakaicin makin yaro, aƙalla 2.3 a waɗannan darussan, Division II kuma 2.2. Inda yara suka fi faɗawa rami shi ne, a Division I dole 10 daga cikin 16 ɗin su kammala kafin yaro ya shiga aji 12, 7 daga cikinsu kuma Turanci ne ko lissafi ko kimiyya, to kun ga wanda ya ce sai shekarar ƙarshe zai dage, ya riga ya makara. Jarabawar shiga jami'a ta SAT da ACT dai tun 2023 NCAA ta daina neman su, amma wasu jami'o'in da kansu har yanzu suna tambaya.

Maganar kociyoyi kuma, kar ranku ya ɓaci in ba wanda ya kira ɗanku tukuna. Ƙa'ida ta hana kocin Division I tuntuɓar yaro sai daga 15 ga Yuni bayan ya gama aji 10. Amma yaron shi ba a hana shi tura imel ba, ya haɗa gajeren bidiyo na 'yan mintuna, ya sa lambar rigarsa da gurbin da yake bugawa da makinsa, kuma dan Allah ku bari shi ya rubuta da hannunsa, koci na gane wasiƙar baba daga layin farko wallahi.

Gaskiya guda wadda ba ta da daɗin ji, cikin yaran da ke buga ƙwallon sakandare a ƙasar nan ko kashi 10 cikin 100 ba sa kaiwa ƙungiyar NCAA, Division I kuwa abin ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Sikolashif ɗin ƙwallo ma sau da yawa gutsuttsura shi ake yi tsakanin 'yan wasa, kaɗan ne ake ɗauke wa komai. Division III ba ta ba da sikolashif na wasa sam, amma tana ba da tallafi na ƙoƙarin karatu da na masu ƙaramin ƙarfi, ga NAIA, wata hukumar wasannin ƙananan jami'o'i daban da NCAA, ga kwalejojin shekara 2 na NJCAA inda yaro zai gyara makinsa ya buga wasa sannan ya tsallaka gaba. Ni dai a ganina gara inda yaro zai shiga fili ya fita da digiri, da ya tafi babbar makaranta ya shekara 4 yana ɗumama benci. Clint Dempsey ma da ya buga wa Amurka gasar cin kofin duniya har sau 3, daga ƙaramar jami'ar Furman ya fito.

Yaron nan da na faɗa muku mun zauna da mahaifiyarsa da mai ba ɗalibai shawara, an sa shi ajin ƙarin lissafi sau biyu a sati kafin atisaye, ya ɗan ɓata fuska amma yana zuwa.

Duk wanda ɗansa ko 'yarsa ke da irin wannan buri, ko da ɗan aji 9 ne, ku zo da takardar sakamakonsa ranar taron iyaye mai zuwa mu ƙirga darussan tare, teburina na nan kusa da ƙofar ɗakin wasanni.

Na gode,
Kocin ƙwallon ƙafa na makaranta