Masu rasit uku a ƙofar shago ɗaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini.

Makon jiya mutum uku suka tsaya a ƙofar shagona, kowa da littafin rasit ɗinsa, kowa kuma ya ce shi ne hukuma. Na ukun ma har da kwaɗo ya zo, wai in ban biya ba zai garƙame shagon. Na biya, don ba ni da ƙarfin rigima.

Da dare na tuna labarin da kakana yake ba mu na zamanin haraji da jangali, lokacin da ake shanya magidanci a rana saboda ya kasa biya. 'Yan jam'iyyar NEPU, tun daga 1950, suka yi ta bin ƙauyuka suna wayar wa talaka kai, ana ɗaure su, ana yi musu bulala. Shekara kusan talatin aka ɗauka kafin gwamnatocin jam'iyyar PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna su soke haraji da jangali a 1979. Teloli da mahauta da manoma ne suka ja wannan igiyar.

Yanzu dokar harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2025 ta yafe harajin kuɗin shiga ga mai samun naira 800,000 ko ƙasa da haka a shekara. To, wa ya gaya wa mai shayi? Ƙungiyoyinmu na kasuwa kuwa sun fi ƙwarewa a karɓar kuɗin mako. Su buga mana jerin harajin da doka ta amince da shi, da Hausa, su manna a ƙofar kasuwa.

Naka,
Wani mai shago, Kano