Bitamin D ba ya maye gurbin maganin cutar MS

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili in tanka wa wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp, wanda yayata ta turo mini daga Zariya makon jiya. Mai maganar har da rantsuwa, wai ƙwayar bitamin D na warkar da cutar MS (multiple sclerosis, wata cutar jijiyoyi), don haka a jingine maganin asibiti.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Gilasgo, shekara takwas ke nan, kuma a Sikotlan wannan cuta 'yar gida ce. Garkuwar jiki ce ke juyowa tana cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, kamar ɓera ya gwaguye robar wayar lantarki. Sai gani ya dushe, ƙafa ta yi nauyi, mutum na tafiya yana tangaɗi. Ta fi kama mata, galibi tsakanin shekara 20 zuwa 40.

Maganar tasa tana da tushe, ban musa ba. Cutar ta fi yawa a ƙasashen da rana ke rowa, irin su Kanada da tsibiran Okni da ke arewa da mu, kuma da hasken rana fata ke haɗa bitamin D. A 2006 masana na Jami'ar Harvard sun bincika jinin sojojin Amurka, suka ga waɗanda bitamin ɗin ya wadata a jikinsu ba su cika kamuwa ba. Amma a cikin fararen fata aka ga hakan, ba a gan shi a baƙaƙen sojoji ba. Wannan ɓangaren mai saƙon ya tsallake shi. Kuma ba bitamin ne kaɗai ke da hannu ba: a 2022 masanan jami'ar sun nuna cewa wata ƙwayar cuta mai suna Epstein-Barr na ninka haɗarin kamuwa da MS har sau 32.

Rigakafi daban, warkarwa daban. An gwada ba masu cutar bitamin D mai yawa a kan maganinsu, yawancin gwaje-gwajen ba su nuna ya rage tashinta ba. Wani gwaji a Faransa ya ga amfani ga masu alamun farko, shi ma a gaban idon likita aka yi. Wanda ya ɗirka wa cikinsa ba lissafi kuwa, sinadarin kalsiyam zai taru masa a jini, ga amai, ga tsakuwar ƙoda.

'Yan uwana da ke nan Birtaniya, musamman ɗalibai sababbin zuwa, hukumar lafiya ta ce mai duhun fata ya riƙa shan maikirogiram 10 na bitamin D kullum, rani da damina. Ni ma ina sha, don a watan Disamba da duhu nake fita aiki, da duhu nake dawowa.

Yayata kuma na ce mata ta goge saƙon kafin ya kai zauren matan unguwa. Ta ce ai tuni ya kai.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar jinya, Gilasgo