Don me kuka hana a tambaye shi zancen motarsa?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Wallahi raina ya ɓaci da shirinku na makon jiya. Kun bar baƙon nan da kuka gayyato yana ta faɗa mana mu rage buri, mu ɗaure ciki, shi bawan talakawa ne abin duniya bai dame shi ba, amma da wani mai sauraro ya kira ya tambaye shi zancen jibgegiyar Land Cruiser ɗin da yake yawo a cikinta sai mai gabatarwa ya yi caraf ya ce wai wannan rayuwarsa ce a bar maganar. Don me za a bar ta? Mutumin da ya zo yana tallan kansa da sauƙin kai ai abin da yake hawa yana cikin hirar.

Ni bakanike ne, irin mutanen nan kullum muna tare da su a gareji. Akwai wanda nake yi wa sabis, ko yaushe ka ji shi a taro zancensa hayaƙi da gurɓatar iska da ɗumamar yanayi, amma motarsa V8 ce, silinda takwas, man da take sha ya kusa ninka na ƙaramar mota, kuma in ya zo ba ya yarda a kashe injin, yana zaune ciki esi na kaɗa shi mu muna ƙarƙashi muna shaƙar abin da salansa ke fitarwa. Ranar da yarona ya roƙe shi ya kashe sai ya zuge gilashi ya ce zafi ake yi. Har yau abin na ci mini rai. Wani kuma motar sai sheƙi take, gilashi baƙi, an sha kwalliya, kowa na ranka ya daɗe, amma juyen baƙin mai ya gagare shi har injin ya buga, kuɗin aikina kuma sai dai gobe, gobe.

Kada a ce ba a taɓa yi ba. Thomas Sankara da ya karɓi mulkin ƙasarsa, wadda yanzu ake kira Burkina Faso, a 1983 sayar da Marsandin gwamnati ya yi, ya ce ministoci su hau Renault 5, ƙaramar mota mai araha. José Mujica ya mulki Uruguay daga 2010 zuwa 2015 yana tuƙa tsohuwar Volkswagen Beetle ƙirar 1987. Su da suka ce suna tare da talaka an gani a ƙasa.

Ni ban ce kowa ya hau akwala ba fa. Ɗan kasuwar da ya nemi halal ɗinsa bai taɓa ce mana shi mai gudun duniya ne ba, ya hau abin da ransa ke so Allah ya sanya alheri. Wanda ke cin abinci da sunan talauci shi nake magana a kai, kuma ku kuka kare shi. Ku sake gayyato shi, a bar mai sauraron nan ya ƙarasa tambayarsa.

Sannan don Allah kiɗan nan da kuke sawa a ƙarƙashin labarai ya yi ƙara da yawa, mu da ke saurare a wurin aiki ba ma jin rabin abin da ake faɗa. A rage shi ko a cire gaba ɗaya.

Naku,
wani bakanike mai sauraronku.