Rahoton Ayyukan Shekara: Tafiye-tafiye da Aikin Sake Auna Tudu

Assalamu alaikum 'yan'uwa mambobi, manya da ƙanana.

Kamar yadda tsarin ƙungiya ya tanada, ga bayanin abin da muka gudanar a bana, mu Hausawa mazauna kudancin Wales da kewaye da ke haɗuwa don hawan tsaunuka.

Tafiye-tafiyen wata-wata sun gudana lafiya, in ban da na tsakiyar hunturu da iska da ƙanƙara suka sa aka ɗage, da kuma na watan azumi da muka mayar gajeren yawo bayan la'asar. Mun hau Pen y Fan, mai tsayin mita 886, mafi tsayi a kudancin Wales, kuma iyaye mata sun fito da yawa fiye da bara. Babu wanda ya ji rauni, alhamdulillahi. Sai dai har yanzu akwai masu zuwa da takalmin gari, kuma kwamiti na roƙon a daina. Dutse mai laima ba ya wasa.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne na awon tsayi. Asalinsa gardama ce da ta tashi a kan Fan y Big, tsaunin nan da ke gabas da tsaunin Cribyn, wanda matasanmu ke son tsayawa a kan falalen dutsensa mai leƙa kwari a ɗauke su hoto. Tsohuwar taswirar wani babanmu ta ce mita 719 ne, wayar wani kuma ta nuna ƙasa da haka. Ashe maganar ta daɗe da fita. A 2018 aka sake auna shi, aka samu ƙololuwarsa kusan mita 717 ce, kuma Myrddyn Phillips, wanda ya daɗe yana wannan aiki a tsaunukan Wales, shi ya hau da na'ura ya tabbatar. Amma ba ragin tsayin ne ya fi yi masa illa ba. Masu lissafin tsaunuka a Birtaniya suna da jerin da ake kira Hewitt: sai tsauni ya kai ƙafa 2,000, wato mita 609.6, sannan ya ɗaga aƙalla mita 30 daga wuyan da ya haɗa shi da tsaunin da ya fi shi. Fan y Big ya wuce sharaɗin farko nesa ba kusa ba. A na biyun ne aka samu mita 28.5 kacal, aka cire shi daga jerin saboda mita ɗaya da rabi.

Wannan ne ya sa wata 'yar'uwarmu mai karatun safiyo ta ba da shawarar mu koyi yadda ake yi da hannunmu. Kwamiti ya amince, aka riƙa zama ranakun Asabar da kwamfutoci.

Ga yadda abin yake a taƙaice, don waɗanda ba su samu halarta ba. Jirgin sama ne ke shawagi ɗauke da na'urar da ake kira LiDAR, tana harba hasken leza ƙasa sau dubbai a daƙiƙa guda, tana lissafa lokacin da kowane haske ya ɗauka kafin ya dawo. Tunda an san inda jirgin yake daidai a kowane lokaci, sai a fitar da tsayin kowane wurin da hasken ya taɓa. Ba don masu hawan dutse aka fara tara waɗannan bayanai ba. Hukumar muhalli ta Ingila ta yi ne musamman don sanin inda ambaliya za ta bi, kuma tun 2015 ta sake su kyauta ga kowa. Na Wales ana sauke su a shafin intanet na DataMapWales. Mun buɗe su da QGIS, manhajar da ita ma ba a biyan ko sisi. Duk tsayin da ake faɗa kuwa daga matsakaicin tsayin ruwan teku ake ƙirga shi, wanda aka auna a Newlyn da ke Cornwall tsakanin 1915 da 1921.

Mun fara da Fan y Big ɗin ne saboda an riga an san amsarsa. Da lissafin yaranmu ya zo kusa da abin da aka wallafa, sai hankali ya kwanta, muka koma kan ɗan tudun da ke bayan gari, wanda muke kai sababbin mambobi da tsofaffinmu. Wasu cikinmu na ce masa Dala, don tuna gida.

A nan ne muka sha mamaki. Shekara da shekaru muna zuwa mu dafa ginshiƙin simintin da ke kansa mu ce mun kai ƙarshe. Irin waɗannan ginshiƙai hukumar taswira, Ordnance Survey, ta fara kafa su a 1936, kuma an zaɓi wurarensu ne don a riƙa hango wani ginshiƙin daga wani, ba lallai don su zauna a wuri mafi tsayi ba. Bayanan leza sun nuna ainihin ƙololuwar tana can gefe, wani ɗan tozo cikin ciyawa da ko hanya babu zuwa gare shi, tumaki kaɗai ke bi. Tsayin da muka samu ya ɗan bambanta da na taswira, da abin da bai kai mita guda ba. Wannan ba laifin masu taswira ba ne. Yawancin lambobin da ke jikinta daga hotunan sama aka ciro su, kuma irin wannan awo na iya kaucewa da mita biyu ko uku, alhali na leza kuskurensa bai cika wuce santimita 15 ba a fili mai sarari.

Kalmar "sarari" ɗin nan ita ce inda muka yi saɓani a kwamiti, kuma ya dace mambobi su sani. Bayanan iri biyu ne: ɗaya ya haɗa da bishiyoyi da katanga da duk abin da hasken ya fara taɓawa, ɗayan kuma kwamfuta ta share waɗannan ta bar ƙasa zalla. To a inda ciyawa ta yi kauri, hasken ba ya ratsawa har ƙasa, sai a ɗauki kan ciyawar a matsayin ƙasa, tudu ya ƙara tsayin da ba nasa ba. A inda kuma ƙololuwa ɗan tsinin dutse ne, kwamfutar na iya ɗaukarsa tarkace ta goge shi. Da muka je tozon da kanmu, ciyawar ta kai gwiwa, ƙasan kuma taushi gare ta, ƙafa na nutsewa. Wasu sun so a aika sabon adadin nan take ga masu kula da rumbun bayanan tsaunukan Birtaniya da Ireland. Ni da wasu muka ce a dakata. Ra'ayina har gobe shi ne kada mu sa sunan ƙungiya a kan lambar da ba mu tabbatar da ita a ƙasa ba, domin da zarar ta shiga jeri, mutane da yawa za su kwafe ta ba tare da tambaya ba. Rinjaye ya tsaya a kan haka. Abin da muka rubuta a kundinmu shi ne wurin ƙololuwa ya canza, tsayin kuma na wucin gadi ne.

Abin da ya rage shi ne na'urar GPS irin ta ma'aikatan safiyo, wadda ake kafawa a ƙololuwa ta daɗe tana karɓar saƙon tauraron ɗan'adam, sannan a sauka wuyan tudun a maimaita. Sayenta ya fi ƙarfin asusunmu, amma ana bayar da haya. Gonar da tozon yake ciki tana da mai ita, kuma ba za mu kafa komai ba sai da izininsa. Shugaba ya ɗauki nauyin zuwa ya same shi.

Na ga yaran da da ƙyar ake fito da su daga ɗaki suna gardama a kan layukan taswira har magariba ta yi. Ina roƙon iyaye su ci gaba da kawo su, musamman 'yan mata, don su suka fi naci a wannan aiki.

Bayanin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanta shi dalla-dalla a babban taro. Waɗanda ba su kammala biyan kuɗin shekara ba su daure su cika kafin ranar, domin a ciki za a fitar da kuɗin hayar na'urar. Za a yi awon ne a ƙarshen hunturu, kafin sabuwar ciyawa ta taso, kuma muna neman masu mota da za su ɗauki kaya da mutane. Mai sha'awa ya ba da sunansa wurin mataimakin sakatare.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa