Windows ɗin sata da ke cikin kwamfutocinmu

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina roƙon fili in yi magana kan sana'ata, gyaran kwamfuta, wadda nake yi a nan Tawa.

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. Ba sauran gyaran tsaro sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi. Windows 7 kuwa tun Janairun 2020 aka sallame shi, amma har gobe shi ke aiki a shagunan buga takardu da wasu makarantu. An ce a koma Windows 11, sai dai yana neman wani ɗan guntu na tsaro mai suna TPM 2.0, alhali yawancin injinanmu na hannu ne, sun ci zamaninsu a Turai kafin su iso mana.

Kowa ya san yadda muke yi. Mutum zai kawo injinsa ya ce a sa masa Windows da Word, ya miƙa jikka ɗaya ko biyu. Wannan ladan aiki ne, ba kuɗin lasisi ba. Ana kunna su ne da wata ƴar manhaja ta fashi, ita kuma kafin ta shiga sai an kashe maganin birus da hannu. Kamar ka ɗaure karen gidanka ne don baƙon da ba ka san fuskarsa ba ya shigo da dare. Bayan haka wasu masu gyara kan toshe sabuntawa gaba ɗaya don kada a gane, injin ya zauna shekaru da ɓarakarsa. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da majinyata gida. Microsoft ya fitar da maganin tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba ne abin ya rutsa da su. In asibitin Ingila ya durƙusa, ina ga kantin maganin da lissafinsa duka ke kan inji ɗaya da kile ɗaya mai yawo hannu zuwa hannu?

Yara masu karatu su ma suna kawo nasu kason. Akwai wani ɗalibin jami'a da na goge wa inji kwanan baya, har da aikin kammala karatunsa da bai ajiye a wani wuri ba. Me ya sauke? Littafi na shida na jerin labarin George Martin, wanda aka yi fim ɗin Game of Thrones da shi. Na ce masa, ƙanena, littafin nan bai fito ba. Na biyar ya fito a 2011, fim ɗin ya ƙare a 2019, marubucin kuwa har yau yana cewa yana kan rubutu. Ni kaina ina cikin masu jira, kuma na fara tunanin jikokina ne za su karanta mini shi. Ɓarayin intanet sun san wannan ƙishirwa sarai, sai su laƙa wa fayil sunan littafin, mai ɗoki ya danna. Haka ake yi wa mata masu bin littattafan Hausa shafi-shafi a WhatsApp. Marubuciya ta tsaya a tsakiyar labari, sai wani ya turo adireshi wai ga cikon, a shiga, a sauke manhajar da ke karanta saƙonnin waya, har da lambobin sirri na tura kuɗi.

Wani zai ce rigimar lasisi ta manyan kamfanoni ce, ina ruwanmu. Da ruwanmu. A 2010 kamfanin Oracle ya kai Google ƙara kan Java, yaren rubuta manhaja da aka gina tsarin waya na Android da shi, yana neman dala wajen biliyan 9, sai a Afrilun 2021 kotun ƙolin Amurka ta ba Google gaskiya. Kowace Tecno da Itel mai Android da ke aljihunmu tana cikin wannan shari'a ba mu sani ba. A shekarar 2010 ɗin ne kuma, bayan Oracle ya saye kamfanin Sun, masu aikin OpenOffice, manhajar rubutu da lissafi ta kyauta da ke hannun Sun, da ba su amince da sabon maigida ba suka ɓalle suka kafa LibreOffice. Sun iya yin haka ne don lasisin manhajar ya halatta wa kowa ya kwafa, ya gyara, ya raba. Lasisin Windows izinin amfani kawai yake ba ka, kaya na mai shi.

To ga halal kyauta, me ya kai mu ga na fashi? Tsohon injin da Windows 11 ya ƙi yana tashi da Linux Mint ko Ubuntu, masu maye gurbin Windows kyauta, lafiya lau, da Faransanci, yana samun sabuntawa ba ɓoye-ɓoye. Jandarmomin Faransa sun mayar da dubban injinansu kan Ubuntu shekaru da dama da suka wuce, ba don talauci ba. Ban ce ba wahala. Wasu injinan buga takarda kan yi gardama, kuma takardar Word mai yawan ado takan karkace in an buɗe ta a LibreOffice. Sakatariyar da ta saba da wurin kowane maɓalli za ta yi mita mako guda. Amma wasiƙa, jerin sunayen ɗalibai da lissafin kanti duk LibreOffice yana yin su.

Roƙona ga shugabannin makarantu da cibiyoyin koyon kwamfuta na Tawa da Yamai shi ne su ware ko da rabin injinansu su sa musu manhaja mai ƴanci irin su Ubuntu da LibreOffice, yara su koyi duka biyun. Mu masu gyara kuma, duk wanda ya ce a sa masa na fashi, a gaya masa ƙarara cewa za a kashe masa maganin birus, sannan a tambaye shi ko a kan injin nan yake shiga asusunsa na banki.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Mai gyaran kwamfuta, Tawa