Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Janar Abdulsalami Abubakar Kan Siyasar Shafa Kashin Kaji

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na rubuto maka ne a matsayinka na shugaban Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa, wanda tun 2015 yake tara 'yan takarar shugaban ƙasa a Abuja su sa hannu a kan alkawarin zaɓe ba tare da tashin hankali ba. Ba wanda zai raina wannan aiki. Wanda ya ga 2011, lokacin da ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe mutum sama da 800 cikin kwana uku bayan zaɓe, ya san darajar wayar da Goodluck Jonathan ya buga wa Muhammadu Buhari ranar 31 ga Maris 2015 don amincewa da shan kaye.

Sai dai akwai ƙofar da yarjejeniyar ta bari a buɗe. Ɗan takara yana sa hannu da rana, a ɗauki hoto, a rungumi juna. Da dare kuma kakakinsa da sojojin baka na rediyo da yaran Facebook su shiga aikin da shi ba zai yi da bakinsa ba. Mafi muni a aikin nasu shi ne jingina abokin hamayya da wasu mutanen da jama'a ke tsoro ko ƙyama, ba don an kama shi da laifi ba, sai don addininsu ɗaya, ko yarensu ɗaya, ko an taɓa ganinsu a hoto tare.

Ka san misalan fiye da ni. An sa hannu a yarjejeniyar farko ranar 14 ga Janairu 2015 a gaban Kofi Annan da Emeka Anyaoku. Tawadar ba ta gama bushewa ba sai ga tallan gwamnan Ekiti na lokacin, Ayo Fayose, a shafin farko na jaridu: hotunan Murtala, Abacha da 'Yar'aduwa, shugabanni daga Arewa maso Yamma da suka rasu a kan mulki, sannan hoton Buhari da alamar tambaya. A 2018 kuma jaridar Guardian ta Ingila ta bankaɗo cewa an ɗauko kamfanin Cambridge Analytica a zaɓen 2015 don ya yi wa Buhari aikin ɓatanci, har da wani bidiyo cike da yanka da jini, mai nuna wai abin da zai biyo baya ke nan idan ya ci. Wannan fa mutum ne da aka tayar wa ayarinsa bam a Kawo, Kaduna, a Yulin 2014. Mu ma a Arewa ba mu da bakin magana, domin a majalisunmu an daɗe ana yaɗa cewa Jonathan ne ke ɗaure wa Boko Haram gindi, ba tare da wani ya kawo hujja ba.

A kakar zaɓen 2023 aka sake dawo da salon, sunaye kawai suka canza. Aka yi ta yawo da hoton Kashim Shettima zaune a tabarma yana cin abinci da wasu mutane, wai kwamandojin Boko Haram ne. Masu bin diddigi suka gano Fulani ne, amma wa ya tura gyaran zuwa wayoyin da hoton ya riga ya shiga? Peter Obi kuwa aka liƙa masa IPOB, ƙungiyar masu neman ɓallewar Biyafara, har ya zama a wasu unguwanninmu duk wanda ya ambaci sunansa sai a tambaye shi ko ya koma ɗan Biyafara. Makonni kaɗan bayan zaɓen shugaban ƙasa, a zaɓen gwamnan Legas, aka mayar da dangantakar ɗan takara Gbadebo Rhodes-Vivour da Ibo, ta wajen uwa da mata, abin yi masa gori, aka kuma tsorata masu zaɓe a rumfuna saboda kamanninsu da sunayensu. A nan ne yarfe yake zama barazana ga rai, domin mai shago a Sabon Gari ko mai sayar da albasa a Onica shi ake tarewa, ba ɗan takarar da ke cikin mota mai sulke ba.

Za a ce ai zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Gaskiya ne, kuma ba na cikin masu cewa a daina tono tarihin 'yan takara. Wanda ke neman riƙe ƙasa dole a tambaye shi wa ke ba shi kuɗin kamfe, wa ya naɗa a muƙami, me ya sa wa hannu, me kotu ta ce a kansa. Waɗannan ayyukansa ne. Amma a ce ya ɗauki zunubin wani don garinsu ɗaya, wannan ko shari'a ba ta yarda da shi ba; Alƙur'ani ya faɗa ƙarara cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani.

Doka ma tana nan. A lokacin zaɓen 2023, Sashe na 92 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya haramta kalaman zagi da masu taɓa addini ko ƙabila a yaƙin neman zaɓe, da tarar da ba ta wuce naira miliyan 1 ba ga ɗan takara, ko ɗaurin wata 12. Miliyan ɗaya ga wanda ya sayi fom ɗin naira miliyan 100! Shi ya sa nake ganin abin da ke hannunka ya fi tarar ƙarfi, wato kunyar da manya ke ji idan dattijo ya kira sunansu a bainar jama'a.

Roƙona shi ne a ƙara sharaɗi guda a yarjejeniya ta gaba: duk lokacin da kakaki ko wani sanannen magoyin baya ya jingina abokin hamayya da ta'addanci ko ɓallewa daga ƙasa ba tare da hujja ba, ɗan takarar da kansa zai fito ya barranta, da bakinsa, cikin kwana biyu. In ya yi shiru, kwamitinku ya faɗi sunansa a rediyo, da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka, ba a rahoton da za a fitar bayan an rantsar da wanda ya ci ba.

An taɓa yin irin wannan. A Amurka a Oktoban 2008, ana tsaka da jingina Barack Obama da Bill Ayers, tsohon ɗan wata ƙungiya mai tayar da bama-bamai, wata mata ta ce wa abokin hamayyar Obama, John McCain, a taro ba ta yarda da Obama ba don Balarabe ne. McCain ya karɓe makirufo ya ce a'a, mutumin kirki ne mai iyali, saɓanin manufa kawai ke tsakaninsu. Amsar tana da nata aibin, kamar Balarabe ba ya zama mutumin kirki, kuma mataimakiyarsa Sarah Palin ce ke kan gaba wajen yarfen. Duk da haka ya tsawata wa nasa a gaban kyamara. Wannan kaɗai muke nema daga masu son ƙuri'armu, kuma kai ne za ka iya sa su rubuta shi su sa hannu.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Naka cikin girmamawa,
Wani mai zaɓe daga Kano